Gado Ɗaya, Jikoki Biyu

Mai Juyi yana ɗaura faifai a inji lokacin da wayarsa ta yi ƙara. A layin masu sana'a haka kowa ke kiransa, domin aikinsa ke nan: ya ɗora katako a inji, injin ya juya shi, shi kuma ya kara masa ƙarfen sassaƙa har ƙafar tebur ko kwano ya fito. Faifan na ƙarfe ne, faɗinsa kamar murfin tukunya. A jikinsa ake ɗaure kututture da sukuru idan za a yi kwano, sannan a murɗa shi a kan shaf, wato sandar da ke juyawa, yadda ake murɗa noti.

Hankalinsa ba ya wurin. Tun asuba aka kai 'yarsa Auta asibiti da naƙuda, matarsa ta zauna da ita, shi kuma aka ce ya tafi shago saboda zirga-zirgarsa tana tare wa ma'aikatan jinya hanya. Shi ya sa sai da faifan ya shiga rabi ya tuna bai sa zoben fata ba. Zoben nan ne ke shiga tsakanin faifai da shaf, ya hana ƙarfe cizon ƙarfe, kuma shekara da shekaru Mai Juyi yana yi wa duk wanda ya tsaya a ƙofarsa huɗuba a kansa. Ya kai hannu zai warware ke nan, wayar ta katse shi.

"Ta sauka lafiya," in ji matarsa. "Amma nemi wuri ka zauna, Baban Auta."

"Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Faɗi kawai."

"Biyu ne. Mace da namiji."

Mai Juyi bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya dai ɗaga tafin hannu ya daki injin kamar yadda ake dukan kafaɗar aboki. Tafin ya sauka a kan koren maɓalli. Injin ya tashi, shaf ya juya, faifan da nauyin kututture a jikinsa ya shige sauran haƙoransa a ƙiftawar ido, ya daki ƙarshe da ƙarar da ta sa telan da ke makwabtaka ya leƙo da almakashi a hannu. Mai Juyi ya kashe injin yana dariya. A lokacin bai san abin da ya yi wa kansa ba.

Matar ta ci gaba da bayani. Ashe ita ta sani tun watanni, Auta ta sani, mijin Auta ya sani. Kakanni maza biyu kawai aka ɓoye wa, saboda a cewarta bakinsu kwando ne, da sun ji da safe kafin azahar har mai kwasar shara ya ji. Likita ya ce idan komai ya tafi daidai za a sallame su wajen la'asar. Daga nan ta sassauta murya ta tambaye shi gado fa.

Gadon yana lungun shago, an rufe shi da tsohon zanen gado. Ƙafafu huɗu masu ƙugu, sanduna a jere ta kowane gefe, man sheƙi ya bushe tun wata guda. Gado ne mai kyau. Guda ɗaya ne.

Uban mijin Auta mai walda ne, shagonsa yana tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Sun daɗe suna tsokanar juna kafin 'ya'yansu su mayar da su surukai. Lokacin auren, kowannensu ya yi alkawarin kujeru. Na Mai Walda, na ƙarfe, suka isa gidan amarya da wuri. Na Mai Juyi suka iso bayan makonni, saboda akwai wani wuri a hannun kujera ɗaya da bai yi masa santsi ba, kuma da suka iso babu wurin ajiye su. Yanzu suna falonsa, shi ke zama a kai. Tun daga ranar, gaisuwar Mai Walda ta safe ba ta canza ba: yana buɗe ƙofa zai ɗago hannu ya tambaya ko kujeru na hanya. Saboda haka da cikin Auta ya fito, Mai Juyi ya tsaya a tsakiyar layi ya ce jikansa ba zai kwana a kan ƙarfe ba, kuma a ranar da za a kawo shi gida gadonsa zai riga shi isa. Tela ya ji, mai faci ya ji. Ga shi yanzu jikan ya zama jikoki.

Bai gama wannan tunani ba ya ji injin yankan ƙarfe ya tashi a tsallaken titi. Shi ma an kira shi ke nan. Can sai ƙarar ta tsaya, Mai Walda ya tsallako da baƙin tabarau a goshi, mutum ne mai jiki, yana tafiya tumbinsa na yi masa iso. Suka rungume juna a ƙofa. Wannan ya ce biyu, wancan ya ce biyu. Da suka saki juna Mai Walda ya wuce lungu, ya ɗaga zanen, ya auna gadon da taƙinsa tsawo da faɗi, ba tare da ya ɓoye ba.

"Allah ya raba gardama, suruki," in ji shi. "Ɗaya naka, ɗaya nawa."

"Kafin la'asar gado na biyu zai fito daga ɗakin nan."

"To. Yana hanya ke nan."

Lissafin Mai Juyi ba na ganganci ba ne. Ɗabi'arsa ce idan zai yanka abu ya yanka da ƙari, don haka katakan gefe da na shimfiɗa suna nan a jingine, an goge su, har da ramukan sanduna. Abin da ya rage ƙafafu ne da sanduna, kuma waɗannan hannunsa ya san su, ko ido rufe zai fitar. Sai dai ba a faifai ake juya su ba. Tsakanin tsini biyu ake kafa dogon katako, kuma tsinin farko a bakin shaf yake shiga, daidai inda faifan yake zaune. Dole faifai ya sauka.

Ya riƙe bel ɗin da ke juya shaf da hannun hagu, ya kama kututturen da dama ya jawo shi wajensa, yadda yake yi kullum. Bai motsa ba. Ya sake, yana waƙa. Bai motsa ba. Ya ɗauko siririn rodi ya zura a ramin da ke jikin shaf don ya tsayar da shi, ya sa sifana a wuyan faifan ya danna da duk nauyinsa. Rodin ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya ɗaga shi ya duba, abin ya ba shi dariya, ya jefar.

Ya zuba baƙin mai a wuyan faifan ya ce bari ya jiƙa. Kafin ya jiƙa labari ya zaga layi. Masu barka suka yi ta shigowa, kowa ya zo sai Mai Juyi ya ɗaga masa yatsu biyu kafin a gaisa. Wata mai sayar da kayan miya da ta shigo neman muciya ta fita da muciya biyu kyauta. Aka kira shi a waya ya kara gwangwanin mai a kunne. Da ƙyar ya tuna akwai rana, kuma tana tafiya. Daga tsallake ana jin tartsatsin walda.

Da ya koma kan injin mai bai yi komai ba. Sai ya ɗauko dogon filanki ya ɗaure shi da sukuru a fuskar kututturen, ya zama kamar hannun famfo, ya samo rodi mai kauri ya zura a shaf ya tokare shi da jikin injin. Ya kira tela da mai faci. Tela siriri ne, mai faci gajere, amma sun zo da niyya. Su uku suka rataya a ƙarshen filankin. Mai faci ya ce a ja da sunan macen, suka ja. Tela ya ce a ja da sunan namijin, suka ja. Faifan bai motsa ba, amma injin ya motsa. Ƙafafunsa na baya suka ɗaga, ya taho gaba kamar saniya za ta durƙusa, ya daki kantar da ke jikin bango. Kwanonin katako suka zubo, wasu suka gangara titi, wani mai babur ya kauce wa ɗaya ya taka ɗaya. A daidai lokacin sukurorin suka fizge daga kututturen, mutum uku suka zube a kan tarin ɓawon katako. Ba a samu asarar rai ba. Tela ya rasa maɓallin riga, ya ce zai ɗinka.

Mai Juyi ya kwanta rigingine yana kallon rufi yana dariya har hawaye ya shiga kunnensa. Da dariyar ta lafa ya fahimci abin da ya kamata ya fahimta tun farko. Faifan da duka ya shigar, ja ba ya fitar da shi, sai duka. Ya mayar da injin mazauninsa, ya nemo gajeren sukurudireba, ya cusa hannu a bayan faifan ya kwance kututturen, sukuru bayan sukuru, yatsunsa na gogar ƙarfe. Sannan ya ɗaure filankin a jikin faifan kansa da noti. Yanzu abin da yake buƙata mutum ne mai nauyi da zai danne rodi, shi kuma ya sauke guduma. Mai faci ya tafi, mota ta tsaya masa. Tela kuwa iska mai ƙarfi ma tana iya ɗaga shi.

Mai nauyin ya kawo kansa. Ƙarar kwanoni ce ta jawo Mai Walda, ya tsaya a ƙofa hannu a baya, ya kalli filanki, ya kalli rodin da ya lanƙwashe a ƙasa. Daga baya ya ba da shawarar ya kawo injin yanka ya tsaga faifan gida biyu, kafin a tafasa ruwa an gama. Mai Juyi ya ce ko a mafarki ba za a kusanci haƙoran shaf ɗinsa da wannan abin ba. Mai Walda ya ce to shi dai nasa gadon ya tsaya da ƙafafunsa, saura gefe da fenti.

Wayar ta sake ƙara. Mijin Auta ne ya turo hoto, amma a cikin shagon ba ya buɗewa. Mai Juyi ya fita bakin titi, ya ɗaga wayar sama, ya matsa gaba, ya matsa baya, har hoton ya sauko daga sama zuwa ƙasa: kai biyu a cikin tawul, ɗaya ya buɗe baki, ɗaya ta dunƙule hannu. Ya tsaya a wurin ya manta da duniya. Daga cikin shago ya ji duka, ya ji wani, ya ji wani. Dukan gwani ne, mai nauyi, ba gaggawa.

Da ya shiga ya tarar da Mai Walda a bayan kan injin, wajen bel, ya tokare rodi da gwiwa, guduma a hannu, yana haki yana murmushi. Ya ce ya taimaka ne, kuma ya ji kamar ya ɗan motsa.

"Ta ina ka buga?"

"Hagu mana. Noti hagu yake kwancewa, tun kafin a haife mu."

Mai Juyi ya kama hannunsa ya zagayo da shi gaban injin, inda mai juyi ke tsayawa, ya nuna masa. Hagun mutumin da ke bayan inji dama ce ga wanda ke gabansa. Mai Walda ya saba fuskantar notinsa ido da ido, yau kuwa ta ƙeya ya zo masa. Duk dukan nan ɗaurewa ya yi. Motsin da ya ji gaskiya ne, ciki faifan ya ƙara shiga.

Mai Walda ya rantse ba da gangan ba ne. Matsalar ita ce ya kasa kai rantsuwar ƙarshe ba tare da dariya ta ƙwace masa ba, ya gwada, ya sake gwadawa, abin ya gagara. Mai Juyi ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga wayar tana hannunsa har yanzu, hoton a buɗe. Ya miƙa masa. Dattawan biyu suka zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, suna jan hoton da yatsa. Mai Walda ya ce kunnen namijin na gidansu ne. Mai Juyi ya ce Allah ya kyauta, yaro bai yi laifin komai ba. Mai Walda ya ce ita kuma macen ta dunƙule hannu kamar kakanta na wajen uwa ranar da aka ce ya sayi goro. Suka yi ta yi har aka kira azahar.

Bayan sun dawo daga salla Mai Juyi ya tsaya a gaban injin. Ya san saura hanya ɗaya. Idan aka gasa wuyan faifan da wuta zai ɗan buɗe, shaf kuwa yana sanyi, a wannan ɗan tsakanin duka ɗaya zai isa. Wutar da za ta yi wannan aiki a duk layin mutum ɗaya ke da ita, kuma mutumin yana tsaye a bayansa yana sakace haƙori. Bai taɓa barin ko ashana ta shiga shagon nan ba. Bai kuma taɓa roƙon Mai Walda ko ƙusa ba. Ya kalli gadon da ke lungu, ya kalli katakan da ke jingine.

"Suruki," in ji shi, yana kallon bango, "tukunyar gas ɗinka da saura?"

"Cike take."

"To."

"To me? Ban ji tambaya ba."

"Ka kawo ta."

Mai Walda ya ce zai kawo, amma da sharaɗi, kuma ba mai tsada ba ne. Sharaɗin shi ne Mai Juyi ya tsaya a ƙofa ya faɗa da bakinsa cewa katako ba ya juyawa sai ƙarfe ya yarda. Mai Juyi ya ce wannan ai yarinta ce, su da suka zama kakanni yau. Mai Walda ya ce shi ya sa, gara a gama yarintar yau ɗin. Mai Juyi ya je ƙofa ya faɗa a hankali, kamar mai karanta lambar mota. Mai Walda ya kara hannu a kunne ya ce injin yanka ya lalata masa ji. Ya sake faɗa da ƙarfi. Tela ya leƙo ya ce ya shaida, mai faci daga ƙarƙashin mota ya ce shi ma.

Suka share shagon tas, suka tura ɓawon katako waje, suka yayyafa ruwa a ƙasa. Mai Juyi ya kwance filankin, tunda wuta za ta ci shi, ya jiƙa tsumma ya naɗe shaf ta baya don kada zafi ya kai ga boris, ƙwallayen ƙarfen da shaf ke juyawa a kai, ya ajiye bokiti biyu a kusa. Mai Walda ya dawo yana jan tukunyar gas, a ɗaya hannun kuma da dogon ƙarfe mai kusurwa wanda ya huda wa ramuka biyu, zai maye gurbin filankin. Mai Juyi ya karɓa ya juya shi. An goge bakinsa, an yanka shi daidai tsawon da Mai Walda ya auna da taƙi da safe. Gefen gadon ƙarfen ne. Mai Walda ya ce shi ne dogon da ya samu a kusa. Mai Juyi ya ɗaure shi da noti.

Wutar ta fito shuɗiya da huci. Mai Walda ya yi ta zagaya wuyan faifan da ita, ba ya tsayawa wuri ɗaya, man da aka zuba da safe yana hayaƙi yana wari. Da ya ga ya isa ya kashe, ya zagaya ya kwanta a kan rodi da duk abin da Allah ya ba shi. Mai Juyi ya ɗaga guduma. Suka yi shawarar a ƙirga zuwa uku. Ɗaya lafiya. Da aka ce biyu suka haɗa ido, kalmar da suka wuni suna faɗa ce, gudumar ta sauka a iska, Mai Walda ya zame daga kan rodi. Kafin su dawo hayyacinsu ƙarfe ya huce. Aka sake gasawa. Wannan karon suka ce ba ƙirge, tela ne zai tafa hannu. Tela ya ɗaga hannuwa da irin fuskar da ake zuwa kotu da ita, wannan fuskar ta sake kashe su.

Mai Walda ya share ido ya ce gas ba ruwan sama ba ne. Ya gasa karo na ƙarshe, ya jawo baƙin tabaransa ya rufe ido ruf, ya juya fuska bango. Mai Juyi ya kori tela. Ya tsaya a wurinsa na kullum, ya kalli ƙarshen ƙarfen shi kaɗai, ya ja numfashi, ya sauke guduma.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye. Ƙarfen ya lanƙwashe a tsakiya, amma ƙarshensa ya sauko ƙasa, faifan ya biyo shi. Mai Juyi ya kwance notin, ya kama faifan da tsumma ya warware shi, yana fita sumul kamar bai taɓa yin gardama ba. Babban yatsansa ya taɓa wuyan, ya ƙone, ya tsoma shi a bokiti. Da ɗaya hannun ya shafa haƙoran shaf. Babu wanda ya karye. Mai Walda ya ɗaga tabarau, ya ɗauki gefen gadonsa da ya zama baka, ya duba shi ta nan ya duba ta can, ya ce wannan sai dai a yi wa tagwaye lilo.

Daga nan magana ta ragu. Mai Juyi ya buga tsini a bakin shaf, ya kafa katakon farko, ya tayar da inji. Ɓawo ya fara tashi yana sauka a kafaɗunsa, kusurwa huɗu suka narke suka zama zagaye, ƙugu ya fito, sai wuya. Bai auna da komai ba sai ƙafar gadon farko da yake kallo ta gefen ido. Yana saukewa yana miƙa wa Mai Walda, wanda ya zauna a kan tukunyar gas da samfefa yana gogewa yana mita cewa wannan aiki ne na masu haƙuri, shi da zai narka abu ya haɗe a wuce wurin. Ƙafafu suka cika. Aka shiga sanduna, sirara, masu son rawa a inji idan aka matsa musu. Ɗaya ta karye saboda gaggawa, Mai Juyi ya rage hannu.

La'asar ta yi, ta wuce. Matarsa ta kira ta ce an ba su takardar sallama, mijin Auta ya tafi neman mota. Mai Juyi ya ce ta ja su da hira. Ta ce asibiti ne, ba gidan biki ba. Ya ajiye wayar ya dubi sandunan da ke ƙasa. Sun isa gefe uku. Na huɗun, dogon gefe, babu ko ɗaya. Mai Walda ya ce a kai haka ko a bari gobe, amma idan aka bari gobe shi ya san gaisuwar da zai yi da safe. Mai Juyi ya kashe inji. Babu lokacin jiran gam ya bushe, da sukuru suka haɗa shi, wannan na riƙewa wancan na murɗawa. Babu man sheƙi. Gadon ya tsaya fari, yana ƙamshin sabon katako, gefe ɗaya a buɗe.

Mai faci ya ari motar da ya gama yi wa faci, mai buɗaɗɗen baya, da izinin mai ita. Dattawan suka hau baya, kowa ya rungume gado ɗaya. Gidan Auta a bene yake, matakalar ƙunci gare ta, sai da aka karkata kowane gado aka shigar da shi ta gefe, Mai Walda a ƙasa yana turawa yana ba da umarnin da ba a bi. Suna ajiye na biyu a ɗaki suka ji mota ta tsaya a ƙasa.

Auta ta hawo a hankali, mijinta na riƙe da ita, uwarta da surukarta kowace da jariri a hannu. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dubi gadajen. Ta dubi ubanta, fari fat da garin katako, yatsa a naɗe da tsumma. Ta dubi surukinta, baƙi ƙirin da hayaƙi, tabarau a goshi. Ta ƙarasa ta kama sabon gadon ta girgiza shi da ƙarfi, yadda ta ga ubanta yana yi wa kujerun mutane tun tana yarinya. Bai yi ko ƙis ba.

"Baba, wannan gefen fa? Ta nan za su riƙa fita yawo?"

Mai Juyi ya tura sabon gadon har buɗaɗɗen gefensa ya manne da sandunan na farko. Tsayinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Ya ciro igiya daga aljihu ya ɗaure ƙafa da ƙafa, sama da ƙasa. Ya ce bango ɗaya ya ishe su, ai ɗaki ɗaya suka fito.

Auta ta sake girgizawa, su biyun tare. Sannan ta ce wa uwarta ta shimfiɗa bargo. Aka kwantar da namijin a mai sheƙi, macen a sabo. Macen ta motsa hanci, ta yi ɗan atishawa, ta koma barci. Mai Juyi ya tsaya yana kallo, hannu a baya don kada ya taɓa komai. Sai a lokacin ya lura cewa tun safe bai ɗauki ko ɗayansu ba. Ya matso, Mai Walda ma ya matso.

Matarsa ta shiga tsakani ta ce babu mai taɓa mata jika da wannan jikin, su fita akwai famfo a bakin matakala. Suka fita. Sabulun guda ɗaya ne, ɗan ƙarami, ya kusa ƙarewa. Mai Walda ya riga shi ɗauka, ya ce ai shi ne uban uba. Mai Juyi ya tare bakin famfon da hannunsa mai lafiya, ya ce to a gani ko sabulu yana kumfa ba ruwa.